Wata famfon Corolla ɗina yana yoyo, ko zan iya canza shi da kaina a gida?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Corolla ƙirar 2006, injin 1.8. Sati biyu ke nan kullum da safe sai na ƙara ruwa a lagireto, kuma ina ganin jiƙa a ƙasa ta wajen tayar gaba ta dama. Ranar Juma'a ina dawowa daga Zariya, kusa da Kwanar Dangora allurar zafi ta fara hawa, na tsaya gefen titi har ta huce. Akwai kuma wani gurnani daga wajen fambel. Bakaniken unguwarmu ya ce wata famfo ne, wato famfon da ke zagaya da ruwa cikin inji, amma aikin baya da ya yi mini sai da na koma sau uku, zuciyata ba ta kwanta ba. Ina da sifanu da jak, ni nake canza bakin mai da fulogi. Don Allah aikin nan na gida ne, ko in haƙura in kai gareji?

Bakanike daga Panteka: Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka sayi komai ka tabbatar shi ne. Da sassafe, inji a sanyaye, ka haska tocila ƙarƙashin fulin famfon. Akwai ɗan rami a jikinsa, ta nan yake fitar da ruwa idan sil ɗin ciki ya mutu, za ka ga busasshen tabo fari ko ja-ja ya gangaro. Sannan ka sauke fambel ka kama fulin ka girgiza. In yana kaɗawa ko ka ji yana gurza da ka juya shi, boris ya tafi. In lafiya lau yake, ka duba tiyo da murfin lagireto, don gurnanin zai iya zama na altaneta.

In shi ne, ka yi sa'a. Injinka 1ZZ ne, sarƙa yake amfani da ita a taimin, famfon yana waje fambel ke juya shi. Da a ce Peugeot 406 ce ko tsohuwar Camry mai 2.2 da na ce kar ka taɓa, don a can taimin bel ke juya famfon, kuma a 406 ɗin in ka ɓata taimin sai ka lanƙwasa bawul.

Naka kuwa, cire kan batir, ɗaga motar ka cire tayar dama da robar da ke bayanta, ka kwance ɗan famfon zubar da ruwa da ke ƙasan lagireto ruwan ya tsiyaye. Sifana 19 za ka sa ka danne tenshina fambel ya saki. Ɗauki hoton yadda bel ɗin ya zagaya tukuna, mutane da yawa a nan suke kwana. In hannunka bai shiga ba ka cire altaneta, wuri zai buɗe. Notuna shida ne, kan 10, kuma ba tsawonsu ɗaya ba, don haka ka jera su a kan kwali yadda ka ciro su. Goge mazaunin tas, sa sabuwar robar da ta zo da famfon, kar ka shafa gam. Wajen ɗaurewa a yi hankali, jikin alminiyam ne, ƙarfin da littafin ya ce 9 zuwa 11 Nm ne kawai. Da ƙaramar sifana za ka ɗaure, kana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan. In ka tsinke noti a ciki, aikin awa biyu ya zama na kwana biyu.

Direban Kano zuwa Katsina: Oga ya gama magana. Ni dai ƙarina, tunda ka buɗe ka cire tamostat, abin nan da ke tare ruwa sai inji ya yi zafi, ka yar, a haɗa maka fanka dairek. Zafin Afrilu a nan ya wuce digiri 40, abin na ƙasashen sanyi ne.

Bakanike daga Panteka: A'a direba, ban yarda da wannan ba. Tamostat ɗin motar nan sai ruwa ya kai wajen digiri 82 yake buɗewa, a haka aka ƙera injin ya yi aiki, ko a Kano ko a Japan. In ka cire, kwamfutar motar za ta daɗe tana ganin inji bai yi ɗumi ba, ta riƙa ba shi mai da yawa. Motar da ke tafasa akwai abin da ke damunta, cire tamostat ɓoye ciwon ne. In tsohon ya lalace a sa sabo.

Maman 'yan biyu: Ɗan'uwa ni ba bakanikiya ba ce, amma abu biyu. Kar ka shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai, ka sa mata ƙarfen tokara ko katako mai kauri, ka kuma datse tayoyin baya. Na biyu, ruwan da za ka tsiyaye ka tara a roba ka rufe. Kulan, wato ruwan lagireto na kanti mai launi, yana da zaƙi kuma guba ne, mun rasa kyanwa a gidanmu saboda wanda maigida ya bari a kwano a tsakar gida. Inda akwai yara da awaki abin ba na wasa ba ne.

Mai kayan mota a Ƙofar Ruwa: Alhaji kar ka sayi na Beljiyam, ba ka san shekarun da sil ɗinsa ya yi ba. Nemi sabo na Aisin, su ke yi wa Toyota, amma jabu ya yi yawa, ka tafi da tsohon a gwada su gefe da gefe. Tambayata, wane ruwa kake zubawa?

Mai tambaya: Gaskiya na burtsatse ne, tun da na sayi motar.

Mai kayan mota a Ƙofar Ruwa: To ga abin da ya kashe shi nan. Ruwan burtsatse yana barin gishiri da tsatsa, su ke cin sil, kuma ya fi kulan saurin tafasa. Ka wanke lagireton har ruwan ya fito garau, ka zuba kulan ja ko ruwan hoda, za ta sha kamar lita 6 da rabi. Bayan ka cika kar ka rufe murfi nan take. Tayar da ita, murɗa hita zuwa zafi, ka bar ta tana aiki kana ƙarawa har kumfar iska ta daina fitowa fanka ta ɗauka. Iskar da ta maƙale a ciki ita ke sa sabon famfo ma mota ta yi zafi, daga nan sai tof gasket ya ƙone. Kuma kar ka kuskura ka buɗe murfin lagireto inji da zafi.

Mai tambaya: Allah ya saka muku da alheri. Yau da asuba na duba, tabon yana nan daidai ramin da Oga ya faɗa, fulin kuma yana kaɗawa sosai. Na ajiye motar, Asabar zan shiga kasuwa. Fambel ɗin ma na ga ya tsattsage ta ciki, zan haɗa da sabo. Tamostat kuwa ban san ko yana ciki ba, don hannu na biyu na saye ta. Oga, ta ina zan duba shi?

Bakanike daga Panteka: Bi babban tiyon ƙasa na lagireto har inda ya shiga jikin inji, a bayan altaneta. Noti biyu ne a bakin. Tunda ruwa zai fita, ranar ka buɗe ka gani, ka turo mana hoto.