Za a iya kai gwamnatin jiha kotu da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa?

Malama Rabi:
Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a ƙauye. Iska ta yaye kwanon ajinmu tun daminar bara, yara na zaune a kan buhunan taki, hadari na haɗowa sai mu sallame su. A wani taron bita an ce mana tun 1991 Najeriya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta ce ilimin firamare kyauta ne kuma dole. Iyayen yara sun matsa mini: za mu iya shigar da ƙara da wannan takardar? Masana shari'a, a taimaka mana don Allah.

Barista Sani:
Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri. Ita kaɗai ba za ta wadatar ba. Sashe na 12 na tsarin mulkin 1999 ya ce yarjejeniya ba ta zama doka a Najeriya sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita dokar gida. Sa hannu a waje alkawari ne tsakanin ƙasashe, alƙalin Najeriya ba ya hukunci da shi kai tsaye.

Amma akwai mafita. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam an mayar da ita doka tun 1983, kuma a shari'ar Abacha da Fawehinmi, shekarar 2000, Kotun Ƙoli ta ce kotunanmu za su yi aiki da ita, sai dai tana ƙarƙashin tsarin mulki. Sashenta na 17 ya ambaci haƙƙin ilimi. Lauyan gwamnati zai ce ilimi yana babi na 2 na tsarin mulki, wanda sashe na 6(6)(c) ya hana kotu shiga. Amsar da za a ba shi ita ce dokar ilimin bai ɗaya, wato UBE, ta 2004, domin a 2017 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce wannan dokar ta mayar da ilimin matakin farko kyauta haƙƙin da za a iya nema a kotu. Ku ɗora ƙarar a kan dokar UBE da dokar kare yara ta jiharku, yarjejeniyar ta zo a matsayin ƙarin hujja.

Ɗan Kantin Kwari:
Barista, a 2010 ma kotun ECOWAS ta ba ƙungiyar kare haƙƙi ta SERAP gaskiya kan haƙƙin ilimi, yaran namu har yanzu suna ƙasa. Kuɗin UBEC, hukumar ilimin bai ɗaya ta tarayya, na nan jibge, jihohi da dama ba sa kawo nasu kason balle a sakar musu. Ku haɗa ƙarar da matsin lamba ga ɗan majalisarku.

Issoufou daga Maraɗi:
Mu a Nijar tsarin Faransa muka gada, kundin tsarin mulkinmu na da ya ɗora yarjejeniyar da aka amince da ita sama da dokar gida. Duk da haka sai da Hadijatou Mani ta je kotun CEDEAO, wato ECOWAS, a 2008 kafin aka ce gwamnati ta gaza kare ta daga bauta, aka yanke mata diyyar sefa miliyan 10. Yanzu da muka fita daga ƙungiyar a Janairun 2025, wannan ƙofar ta rufe mana.

Malama Rabi:
Na gode ƙwarai. Barista, ni ma'aikaciyar gwamnati ce, sunana ba zai hau takardar ba. Ƙungiyar iyayen yara za ta iya shigar da ƙarar da sunanta, ko sai uba ɗaya ya tsaya a madadin ɗansa? Ranar Asabar za mu zauna da su.