Lojacono ya zana Sisili ne, ko ranarta kaɗai?

Malamin tarihi: Assalamu alaikum. Ra'ayina a kan mai zanen nan ɗan Italiya Francesco Lojacono, wanda aka haifa a Palermo, babban birnin Sisili, a 1838 ya rasu a can a 1915, shi ne ya ƙawata tsibirin Sisili ya rufe ido ga wahalar mutanensa. A zamaninsa yara ƙanana, waɗanda ake kira carusi, suna ɗauko farar wuta a gadon bayansu daga ƙarƙashin ƙasa, kuma a 1894 gwamnatin Crispi, firaministan Italiya na lokacin, ta murƙushe ƙungiyoyin manoma da ma'aikata da ƙarfin soja. Shi kuwa yana can yana zanen teku da dutsen Pellegrino, gidan sarautar Italiya yana saye.

Mai zane: Wa'alaikumus salam. Malam, da girmanka, ban yarda ba. Mutumin da ya bi Garibaldi, jagoran yaƙin haɗe kan Italiya, fagen yaƙi a 1860 ba za a ce bai san halin ƙasarsa ba. Ka dubi zanensa na Palermo na 1875, wanda ke gidan adana zane-zanen zamani na birnin: hanya ce mai ƙura, ƙasa ta bushe ta yi fari, mutanen da ke kanta ƙanana ne ƙwarai a ƙarƙashin sararin sama. Duk wanda ya taɓa yin tafiya a ƙasa da tsakar rana ya san wannan haske ba na hutu ba ne. Ba a banza aka yi masa laƙabi da "ɓarawon rana" ba, domin fitar da zafin rana da fenti, har mai kallo ya ji kamar ya kare idonsa, abu ne da na shekara ina gwadawa bai samu ba.

Hajiya: Ɗana, gwaninta ba a musun ta, amma Malam a kan zaɓi yake magana. Wani mai zane, Onofrio Tomaselli, ya zana waɗannan yaran masu ɗaukar farar wuta a 1905, kuma zanen yana gidan da ka ambata. Ashe hanyar a buɗe take ga wanda ya so binta.

Mai zane: Gaskiya ne, Hajiya, sai dai kowa da fannin da ya koya. Lojacono ya tafi Napoli a 1856 ya zauna gaban Filippo Palizzi, wanda ya koyar da fita fili a zana abin da ido ya gani, aka bar labaran tarihi irin waɗanda mahaifinsa Luigi yake zanawa. A lokacin wannan ma sauyi ne babba.

Malamin tarihi: Na karɓi batun ƙurar hanya, domin da na sake duban zanen na ga abin da kake nufi. Inda ban sauka ba shi ne, ramukan farar wuta suna yankin Agrigento, garin da yake yawan zuwa wajen masu sayen aikinsa, kuma ido mai kaifi irin nasa ba zai ce bai gan su ba.