Haɗa 'yan wasa a BuzzerBeater: kowa ya faɗi yadda ya yi

Nura, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. An ba ni ƙungiya a BuzzerBeater, wasan nan na intanet da mutum ke zama manajan ƙungiyar ƙwallon kwando. Can ƙasan rukuni aka ajiye ni, kamar kowane sabon shiga. 'Yan wasan da na tarar sai a hankali: wanda ya iya jifa bai iya tsaro ba, dogon cikinsu kuma ƙwallo zame masa take yi a hannu. Akwai ɗan kuɗi a asusu. Na leƙa kasuwa na ga wani ɗan shekara 32, maharbi na gaske, amma in na saye shi zai lashe kusan duk abin da nake da shi, ga kuma albashinsa duk mako. Raina ya biya sosai. Kafin in taya, ina roƙon waɗanda suka riga ni su faɗa mini abin da su kansu suka yi da farko, da yadda ta kaya. Dokokin wasan na karanta su, abin da ido ya gani nake nema.

Malam Sanusi, Gusau

Wa alaikumus salam Nura, barka da zuwa. Ajiye maganar maharbin tukuna, ɗauko biro da takarda.

Wasa ɗaya minti 48 ne, mutum biyar a fili, minti 240 ke nan. A mako wasa uku kake bugawa: lig ranar Asabar da Talata, Alhamis kuma kofi, ko na sada zumunci in an riga an fitar da kai. Jimla minti 720, kuma duk mako sai ka raba su ga mutane. A kan wanga lissafi ake gina ƙungiya.

Abin da na daɗe ina gani shi ne, ɗan wasan da ke samun kamar minti 50 zuwa 70 a mako jikinsa na zama daidai. Wanda ka sa ya buga wasa uku cur, ranar Juma'a in anka sabunta za ka tarar ƙarfin jikinsa ya faɗi. Wanda ka bari yana ɗumama benci shi ma faɗuwa yake yi. To raba 720 gida 60, ka ga mutum 12. Ba wai sai sha biyun duka gwanaye ba. Takwas ko tara da za ka iya sa wa a wasan lig hankalinka kwance, sauran masu arha da za su riƙa ɗauke nauyin Alhamis.

A kakata ta farko akwai wani a rukuninmu da ke da tauraro guda, albashinsa ya fi na biyar ɗina na farko in an haɗa su. Da munka haɗu karon farko ya yi mini kaca-kaca. Amma ba shi da mai canjinsa, kowane wasa shi ne daga farko har ƙarshe. Kafin mu sake haɗuwa jikin tauraron ya mutu, yana ta jifa tana dawowa, yarana da ba wanda ya san sunansu sunka cinye wasan. Maharbinka minti 48 kawai zai iya riƙe maka cikin 240. Sauran 192 wa zai buga?

Abba, Argungu

Malam, lissafinka daidai ne, amma kar a tsorata yaro da tsofaffi. Ni da su na fara. A ƙananan rukunoni ƙungiyoyi da yawa ba mai su, kwamfuta ce ke juya su, kuma ba su da ƙarfi. Mutane na gudun duk wanda ya haura shekara 30, shi ya sa farashinsu ke ƙasa. Na kwashi uku masu matsakaicin kuɗi, ɗaya mai raba ƙwallo, biyu dogaye, na haye rukuni na sama. In kana cin wasa 'yan kallo na cika maka zaure, da kuɗin tikiti na ƙara kujeru, kujerun kuma sun ci gaba da kawo kuɗi har bayan tsofaffin sun tafi.

Abu ɗaya dai ka sani, Nura: kuɗin da ka sa a kan tsoho ba ya dawowa. In ya ƙara 'yan shekaru ƙwarewarsa zubewa take farawa, ranar da ka kai shi kasuwa ba mai ko taya shi. Don haka tsoho uku da kuɗin ɗaya, na yarda. Tsoho ɗaya da kuɗin duka, a'a.

Zainab, Aliero

Yaya Abba, ni hanyar kiwo na bi. Mahaifiyata takan sayi ɗan rago bayan Sallah da arha, ta yi ta ba shi dusa da harawa har wata Sallar ta zagayo. Haka na yi da yara 'yan shekara 18 da 19, domin su ne horo ke saurin kamawa.

Ga yadda abin yake. Yaro ba ya samun cikakken horo sai ya buga minti 48 a mako a gurbin da ake horarwa. Gurbi ɗaya minti 144 yake da shi a wasa uku, wato yara uku. Kana iya horar da gurbi biyu ka ɗauki shida, amma kowannensu zai riƙa tafiya a hankali. Tsawo ma yana da tasiri: gajere ya fi saurin koyon aikin waje, kamar tsaron waje, dogo kuma aikin ƙarƙashin kwando. Sannan kowane yaro akwai alamar da ke nuna iya inda zai kai. Mai alama ƙasa-ƙasa kar ka ɓata masa kaka, zai tsaya maka a hanya. Mai alama ta can ƙoli kuma tsadarsa ta fi ƙarfin sabon manaja. Na tsakiya ya ishe ka.

Amma abin da ba a faɗa wa mutum shi ne ciwon ran da ke ciki. Akwai wata Alhamis da ba na mantawa. Ina ɗaki da waya a hannu, bayanin wasa na gudu layi-layi, yaron da na fi ji da shi yana riƙe da lamba 1, wato gurbin mai raba ƙwallo. Kafin a gama zango na uku ya yi laifi biyar. Na zuba wa agogon wasa ido ina addu'a. Saura minti bakwai ya yi na shida, alƙali ya kore shi. Minti 41. Alhamis kuwa ita ce wasan ƙarshe kafin horon Juma'a, babu inda zan cike masa gibin.

Tun daga nan abu biyu nake yi. Kafin in sayi yaro sai na buɗe tarihin wasanninsa na ga yawan laifin da yake yi, domin wannan hali ba a rubuta shi cikin jerin ƙwarewa ba, sai ka tono. Na biyu, mai yawan laifi Asabar nake sa shi, farkon mako, don in aka kore shi ina da Talata da Alhamis. Shi ya sa nake ganin sabon shiga ya riƙe yara biyu da gaske, na ukun ya zama wanda ko ya rasa 'yan mintoci ba za a yi kuka ba.

Kuma zan faɗi gaskiya, za ka sha kashi a wasannin da ya kamata ka ci, saboda yaro ɗan 18 ne ke riƙe maka ƙwallo. Wanda ba zai iya jure haka ba gara ya bi Yaya Abba.

Kabiru, Kaura Namoda

Ni nawa labarin ba na dabara ba ne. A watan Satumba na 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara, makonni na yi ban ga ƙungiyata ba. Damuwar mutane a lokacin ta wuce ta wasa nesa ba kusa ba, Allah Ya kyauta, amma tunda maganarsa ake yi: wasa bai tsaya jirana ba. Ana bugawa, ana cire albashi duk mako.

Abin da ya cece ni, na riga na ajiye tsayayyen jeri, wanda ake amfani da shi in manaja bai shigo ba, kuma kowane gurbi na sa masa mai canji na kirki. Albashina ma bai wuce abin da ke shigowa ba. Da layi ya dawo na tarar an ci ni wasu wasanni, amma asusu bai shiga bashi ba, ban kuma faɗa rukunin ƙasa ba. Wani abokina da ya tara manya masu tsada da niyyar sayar da ɗaya a tsakiyar kaka, bashi ya tarar ya yi masa katutu. Mu da ke nan, ga wuta ga layi, ka haɗa ƙungiyar da za ta iya yin mako biyu ba tare da kai ba.

Nura, Birnin Kebbi

Allah Ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Malam, waɗanda na tarar ɗin fa, in sallame su duka ne? Sannan Baba ya gan ni ina ta lissafin daloli a takarda, ya tambaye ni ko caca ce.

Malam Sanusi, Gusau

Ka gaya wa Baba ya kwantar da hankali. Kuɗin cikin wasa ne, ba ka zuba naka don ka ci na wani, kuma ba a fitar da su a kashe. Waɗanda ka tarar kuwa, kar ka yi gaggawa. Masu ƙaramin albashi su ne 'yan Alhamis ɗinka. Wanda ya tsufa, bai iya ba, kuma yana cin albashi, shi za ka sallama yau ɗin nan. Ƙarshen kaka akwai zaɓen sababbin yara, zagaye uku, amma kar ka ɗora gininka a kai. Wani lokaci ka dace, wani lokaci ka kwaso wanda ba ya shiga ko benci.

Bashar, Jega

Bari in sa baki ta ɓangaren ciniki, nan na fi ƙarfi. Farashin saye sau ɗaya ake biya, albashi kuwa kowane mako ne, don haka shi nake fara dubawa.

Albashi daga ƙwarewar da gurbin mutum ya fi buƙata ake lissafa shi. Dogo, abin da ke ɗaga masa albashi shi ne jifar kusa, tsaron ciki, cafe ƙwallon da ta dawo daga kwando, da tare jifa. In ka samu dogon da ya iya ba da ƙwallo ko ya iya tsaron waje, wannan kusan kyauta ka same shi. Na taɓa ajiye dogaye biyu gefe da gefe a kasuwa, albashinsu kusan ɗaya. Ɗaya hannunsa na da kyau, ɗayan in ƙwallo ta shiga hannunsa ta mutu. Na ƙara kuɗi na ɗauki na farko, har yau yana wurina.

Tarkon da za ka kiyaye shi ne yaro mai ƙwarewa sama, albashi ƙasa. Albashin tun na farkon kaka ne. Ana shiga sabuwar kaka za a sake lissafi da ƙwarewar da ya tara, sai ka wayi gari ya ninka. Gwanjo kuma kwana uku yake yi, in aka taya dab da rufewa ana ƙara lokaci, nan ne zuciya ke ɗaukar mutum. Rubuta iyakarka a takarda tun da rana. In an wuce ta, ka bar masa, gobe wani zai fito.

Koci Audu, Zuru

Ni a fili nake koya wa yara ƙwallon kwando, wasan waya daga baya na shige shi, amma abin da na gani ɗaya ne. Ka fara yanke irin wasan da za ka buga kafin ka sayi kowa. Na taɓa haɗa dogaye biyu masu kyau da nufin kai hari ta ciki. Abokan karawa suka gane, suka riƙa yi mini tsaron yanki na 2-3, suka cushe ƙarƙashin kwando, ƙwallo ba ta isa wurin dogayen. Ban ƙaro wani dogo ba. Lamba 1 na nemo, wanda jifarsa ba wani abin a zo a gani ba ce amma ya iya zura ƙwallo ciki, da lamba 3 mai jifar nesa da zai sa su buɗe. Dogayen nan dai su ne, amma sai ka ce an canza su. Kuma duk mai buga nesa da kwando da zan saya, tsaronsa nake fara dubawa kafin jifarsa.

Nura, ɗana, dubi Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, shugaban ƙungiyar Toronto Raptors a 2019. Lokacin da Toronto Raptors ta ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a shekarar, kowa Kawhi Leonard yake ambato. Amma a 2018 aka kawo Kawhi, bayan an riga an gina gida. Kyle Lowry yana nan tun tuni. Pascal Siakam, ɗan Kamaru, na 27 aka ɗauke shi a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2016 aka raine shi. Fred VanVleet ko zaɓensa ba a yi ba. Ana tsakiyar kakar kuma Ujiri ya ƙaro Marc Gasol, dogo mai tsaro da iya ba da ƙwallo. Ba na ƙin tauraro, ni ma ina da shi yanzu. Sai da sauran gurabe huɗu suka tsaya da ƙafarsu na sayo shi.

Abba, Argungu

Koci, na ji, amma Lowry da Gasol duk sun haura 30 a lokacin. Ka ga tsofaffina ba su faɗi ƙasa ba.

Koci Audu, Zuru

Haka ne Abba, ban musa ba. Biyu ne cikin jeri mai zurfi, kuma akwai matasa masu ɗauke musu gudu.

Zainab, Aliero

Nura, in an fitar da kai daga kofi kar ka bar Alhamis ta wuce ba wasa, minti 240 ne za ka zubar. Turo mini gayyatar sada zumunci da wuri, kafin Laraba. Zan sa yaran horo da 'yan benci, kai ma ka sa naka, ka kuma umarci kocin cikin wasan ya bi jerin da ka ba shi sak, in ba haka ba zai cire maka yaro kafin ya cika 48.