Na'urar gano kifi mai kallon gefe: za ta yi a tafkin Madarunfa?

Lawali: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Ƙanena da ke Amurka ya kira ni jiya, wai yana so ya aiko mini da na'urar nan da ake ɗaurawa a jirgi tana nuna kifi. Iri biyu ya gani a shago: mai kallon ƙarƙashin jirgi kaɗai, da mai kallon dama da hagu, ita ce ta fi tsada nesa. Ni dai a tafkin Madarunfa na ƙasar Nijar nake su, kalli da mamari. Wacce zan ce ya sayo?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Ka ce ya turo kuɗin, ka sayi koma sabuwa, ka biya ni sauran bashina.

Ɗan Jimma: Hajiya ba ki da dama!

Mamman: Yaya Lawali, na yi aiki da irinta lokacin da muke auna zurfin madatsun ruwa. In dai za a saya don Madarunfa, mai kallon gefe ce. Duka biyun da sauti suke aiki, ba kyamara ba ce. Akwai wani ɗan abu da ake nutsawa a ruwa, mu kunne muke ce masa. Shi ke tura sauti, sautin ya bugi abu ya dawo, na'ura ta lissafa nisa, don sauti na tafiyar wajen mita 1500 a daƙiƙa ɗaya cikin ruwa. Mai kallon ƙasa tana tura nata kamar hasken cocila, kuma faɗin abin da take gani wajen kashi ɗaya cikin uku ne na zurfin ruwan. Tafkinmu ko a damina da wuya ya wuce mita 5. A ruwa mai mita 3, faɗin mita ɗaya kacal za ka gani, ko tabarma bai kai ba, shi ma jirginka ya riga ya kori kifin da ke wurin. Ta gefe kuwa sautinta siriri ne kamar takobi, yana shara dama da hagu. Ka sa mita 20 kowane ɓangare, ka share mita 40 a wucewa ɗaya.

Lawali: To ruwanmu ai ja ne, da damina sai ka ce kunu.

Mamman: Bai dame ta ba, tunda ba da ido take gani ba. Abin da ke tare ta shi ne ciyawa da bado. Inda suka yi kauri, abin da ke bayansu ya ɓuya.

Baba Nomau: Yaro, ina da tambaya. Wanga abu, wuta yake saki cikin ruwa? Don in irin ta masu kashe kifi da lantarki ce, kar ma ta iso bakin tafki.

Mamman: A'a Baba, Allah ya ƙara girma. Babu wutar da ke shiga ruwa. Sauti ne mai tsananin siranta, kilohaz 455 ko 800, sababbin har 1200. Tarwaɗa da karfasa jinsu bai wuce 'yan kilohaz kaɗan ba. Ƙarar filafili a jikin jirgi ta fi damunsu.

Baba Nomau: To madalla.

Ɗan Jimma: Bari in ba ku nawa, ni da na kwana na tashi da ita. Shekaru biyu na yi a Yawuri ina aiki a jirgin wani Alhaji da ke da irin na'urar nan ta kamfanin Humminbird. Makon farko har mun ce an cuce shi. Ɓangaren dama hoto tas, na hagu baƙi ƙirin. Ashe mun ɗaura kunnen dab da inji, ƙafar injin ta tare masa gefe guda. Muka matsar da shi, sai kuma hoto ya riƙa yayyagewa in mun ƙara gudu, ashe kumfar da ke fitowa ƙarƙashin jirgi ce ke bi ta kansa. Sai da muka sauke shi ya ɗan zarce gindin jirgi, muka daidaita shi ya kwanta sosai, sannan abu ya fito.

Amma Lawali, kar ka sa a ranka za ka ga kifi da kai da wutsiya kamar a talabijin. Ɗigo ne fari kamar ƙwayar shinkafa, da ɗan baƙin inuwa a bayansa. In inuwar na manne da ɗigon, kifin na kwance a ƙasa. In ta yi nisa da shi, yana sama. Tsakiyar gilashin akwai baƙin layi mai faɗi, ni da farko na ɗauka rami ne muke bi. Ruwan da ke tsakanin jirgi da ƙasa ne. Ƙasa mai tauri, dutse ko tsakuwa, tana fitowa da haske. Laka tana fitowa duhu. Na fi wata guda kafin idona ya saba.

Abin da ya biya Alhaji kuɗinsa ba ganin kifi ba ne. Kun san madatsar Kainji, wadda tafkinta ya kai har Yawuri, tun 1968 da aka tare ruwan ya shanye gonaki da garuruwa, har tsohuwar Bussa. Kututture ne cike a ƙasa. Da can duk mako sai mun zauna ɗinkin koma. Da na'urar muka bi muka sa wa kowane kututture alama a GPS, muka daina shimfiɗa kalli a kansu, mamari kuma muka riƙa jerawa a gefensu, don nan giwan ruwa ke fakewa.

Hajiya Rabi: Yanzu na ji magana. In tana hana koma yagewa, to da sauƙi.

Lawali: Tarwaɗa fa? Ita ce rabin cinikina.

Mamman: Nan ne za ta ba ka haushi. Abin da ya fi mayar da sauti a jikin kifi shi ne jakar iskar da ke cikinsa. Ta tarwaɗa ƙarama ce, ga ta kuma da son kwanciya a laka, sai ta saje da ƙasa. Gaiwa kam ka manta. Abin da za ta nuna maka shi ne mazauninsu: rami, gaɓar tsohuwar hanyar ruwa, reshen da ya nutse.

Baba Nomau: Wannan kuwa ba sai an aiko daga Amurka ba. Shekara 50 ina bisa ruwan ga. Ka ɗaure mini ido, in kai ka kowane rami da sanda.

Mamman: Gaskiya ne Baba, ba wanda zai ja da ku.

Baba Nomau: Sai dai abu guda. Ramun na gushewa. Inda sandata ke nutsewa duka sa'ad da nike saurayi, yanzu ruwan iya ƙirji ne da rani. Rairayi da laka gulbi ke kawowa kowace damina. In muka faɗi, sai a ce surutun tsoho ne.

Mamman: To Baba, nan ne na'urar za ta zama shaidarku. Masu GPS suna zana taswirar zurfi da kansu yayin da ake tafiya. A na'urorin kamfanin Garmin sunan abin Quickdraw Contours, a Humminbird kuma AutoChart Live. Tafkinmu ba za ka same shi da zurfinsa a taswirar da suke zuwa da ita ba, kai za ka zana taka. A kafa sanda mai alama a bakin ruwa, a rubuta inda ruwa yake ranar da aka auna, saboda na watan Satumba ba ɗaya yake da na Mayu ba. In an yi bana an yi baɗi, akwai abin da za a ajiye gaban ma'aikatan ruwa da gandun daji.

Sabi'u mai sola: Ku bar ni in shigo ta wajen wuta, don a nan ake kashe irin waɗannan kaya. Bolt 12 take ci. Mai gilashin inci 7 tana jan kusan amfiya ɗaya. Ƙaramin batir mai 7Ah zai kai ka awa 6 ko 7, amma in kana tatse shi haka kullum ba zai yi rai ba, batirin dalma ba ya son a wuce rabinsa. Nemi mai 18 ko 20. Sa fizibil, wato fiyus, mai amfiya 3 a jan waya, kusa da batir. Kar ka haɗa ta kai tsaye da fanon sola. Kar ka juya ja da baƙi. An taɓa kawo mini rediyon mota uku a mako ɗaya, duk cutar ke nan.

Sabi'u mai sola: Na manta. Wayar kunnen kar a yanke ta don ta yi tsawo, a naɗe ta. Kuma kar a bar ta kunne alhali jirgi na kan tudu, kunnen da ruwa yake hucewa. Zafin watan Afrilu kuwa kun san shi, a yi mata 'yar rumfa ko da ta kwali ce.

Lawali: Ni fa jirgina na katako ne, kuma ba inji. Filafili ne.

Ɗan Jimma: Kash. Da ka faɗi haka tun farko.

Lawali: Ba za ta yi ba ke nan?

Ɗan Jimma: Za ta yi, da wahala. Hoton layi-layi take ɗinka shi yayin da jirgi ke tafiya. In ka tsaya cak, abu ɗaya za ta yi ta ja kamar an shafa fenti. Tana son tafiya miƙe, gudun mai saurin ƙafa, kilomita 3 zuwa 8 a awa. Mai filafili shi kaɗai kuwa kan jirginsa rawa yake, kututture miƙaƙƙe sai ya fito kamar maciji. Ku zama biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, da sassafe kafin iska ta tashi. Da hunturu in ruwa ya fara tsalle, ka kashe ta ka huta.

Mamman: Kuma ba a sa kunnen a cikin jirgi, sautin ba ya ratsa katako. Ka sa maƙeri ya yi maka ƙarfe mai maƙalli, ka riƙa saukewa daga baya ko gefe, ya zarce gindin jirgi kaɗan don katako kar ya tare ɗaya ɓangaren. In za ka shiga ruwa marar zurfi ka ɗaga. In ka tashi ka cire ka tafi da abinka gida.

Hajiya Rabi: Nawa ne ma kuɗin abin?

Lawali: Ya ce mai kallon gefen, ƙaramar, wajen dalar Amurka 500. Kusan jika 300 ke nan na sefa, ban da kawowa da duwan, wato kwastan.

Hajiya Rabi: Jika 300! Lawali, ɗan'uwana, kifin nawa za ka sayar mini kafin ka mayar? Karfasar da kuke kawo mini yanzu ba ta fi tafin hannun yaro ba. Ni a ganina ba abin mutum ɗaya ba ce. Tunda kututture ba ya tafiya, in an bi tafkin an sa alama sau ɗaya, ai an gama. Ku haɗu ku goma, kowa ya kawo wani abu na batir da ƙarfe, a yi ta karɓa-karɓa kamar adashi.

Ɗan Jimma: Maganar karfasa ta tuna mini. Abin da ya fi fitowa ƙarara a gilashin nan gidajenta ne. Namijin ke haƙa rami zagaye a ruwa marar zurfi lokacin ƙwai. Za ka gan su jere kamar gurabun dara, ba wanda zai kasa ganewa.

Baba Nomau: To ka ji inda nike tsoro. Mu mun san wuraren, muna kauce musu. Uwar a baki take riƙe ƙwanta, ka kama ta ka kama ɗari. Yaro ya samu gilashi ya ga gurabu, ya ja taru a kai, mi za mu ci baɗi? In za ta shiga ruwan ga, a fara gaida sarkin ruwa, a gaya wa ma'aikata, a zauna a yanke inda ba a taɓawa.

Lawali: Baba, ba zan tsallake ku ba. Gobe in sha Allah zan biyo gida.

Mamman: Saura sunaye, don kar ya sayo wadda ba ita ba. Kowane kamfani da abin da yake kiran kallon gefe. Humminbird su suka fara fito da shi ga masunta a 2005, suna ce masa Side Imaging, a kwali zai ga SI. Mai DI ƙasa kaɗai take kallo. Garmin SideVü ne, lambar na ƙarewa da sv, kamar Striker Vivid 7sv. Mai cv ba ta da shi. Lowrance kuma ya nemi mai kunnen TripleShot, ba SplitShot ba. Ya tabbata kunnen na cikin kwalin, don akwai waɗanda ake sayarwa babu shi. Kar ya sauka ƙasa da inci 7, tunda gilashin biyu ake raba shi, a ƙarami ƙwayar shinkafar nan ba za ta ganu ba. Kuma kar ya biya ƙarin kuɗi don mai kilohaz 1200. Hotonta ya fi kyau amma ba ta kai nisa, 455 ta ishe ka neman kututture.

Sabi'u mai sola: Ya duba harshe ma. Akwai Humminbird ta kasuwar cikin Amurka da Turanci kaɗai take yi, kuma da ƙafa take awo, ba mita ba. Ya sa su kunna masa a shago ya ga ko akwai Faransanci.

Mamman: Haka ne. In ta zo da ƙafa ma ba a mutu ba, ƙafa 10 mita 3 ce da ɗan kai.

Lawali: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Zan ce masa mai sv ɗin, in Baba da sarkin ruwa sun yarda. Wa ke ciki a maganar Hajiya?

Ɗan Jimma: Sa ni. Ni zan koya muku karatun gilashin.

Sabi'u mai sola: Haɗa wuta kyauta. Ka turo mini hoton bayan kwalin kafin ya biya.

Hajiya Rabi: Ni ban shiga ba, amma bashina na nan.

Baba Nomau: Ranar da za ku gwada, ku ɗauke ni bayan sallar asuba. Ni zan zauna gaba, in ba gilashin baya. In mun kai wuri in faɗi abin da ke ƙasa, sannan ku duba.