Da mai dizal za a koyi giyar hannu, ko da mai fetur?

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'a. Ƙanwata za ta fara koyon mota mai giyar hannu. Yayanmu ya dage sai an nemo mai dizal, wai ita ce ba ta mutuwa a hannun ɗan koyo. Haka ne?

Tsohon direba: Wa alaikumus salam. Yayanku ya san abin da yake faɗa. Injin dizal tun allurar da ke nuna juyin inji ba ta kai 2,000 ba yake da ƙarfin ja. A sa lamba ɗaya, a ɗaga kuloci a hankali, ko ba a taɓa totur ba motar za ta taka. Ba abin da ke karya zuciyar ɗan koyo kamar mota ta mutu masa a danja, na baya suna ta danna oda.

Malamin tuƙi: Baba, a gafarce ni, sauƙin nan shi ne illar. Wanda ya koya da dizal, ƙafarsa ta dama ba ta koyi komai ba. Ranar da ya shiga ƙarama mai fetur, irin Yaris mai lita 1.0 ko 1.3, zai saki kuloci babu totur, ta yi tsalle ta mutu. Aikin na ƙafa biyu ne: hagu tana tasowa, dama tana sauka, har kukan inji ya ɗan yi ƙasa, a ji motar tana son tafiya. Wannan gaɓar ake nema, kuma mai fetur ce ke tilasta maka gano ta.

Tsohon direba: Malam, wanda tsoro ya kora tun makon farko, yaushe zai gano gaɓar?

Malamin tuƙi: Shi ya sa ake farawa a fili, ba a kan titi ba. Ta mutu, a taka kuloci, a sake tayarwa.

Makanike: Ku biyun kun bar jaki kuna dukan taiki. Kowace iri ce, kulocin za a duba. In ya cinye, sai ƙafa ta kusa barinsa gaba ɗaya yake kamawa, yarinya ta ɗauki mugun sabo tana zaton laifinta ne. Gwajin ba wuya: ana tafe a lamba huɗu a danne totur. In inji ya yi ihu gudu bai ƙaru ba, kulocin yana sulluɓewa, a bar motar nan. A kuma taka a ji, in da tauri, cinyarta za ta gaya mata kafin rabin awa.

Wata 'yar'uwa: Ku ƙara da batun girman mota. Ƙarama, wadda za ta hangi gabanta da gefenta. Kuma a nuna mata inda ribas yake tun farko: a Golf sai an danna sandar ƙasa an kai hagu, kusa da lamba ɗaya, a Corolla mai giya biyar kuwa yana ƙasan ta biyar.

Malamin tuƙi: Gaskiyarki Hajiya. Sannan in motar tana da na'urar riƙe birki a hawa, wadda ke riƙewa kamar daƙiƙa biyu, kada ta dogara da ita. Ta koyi tashi a tudu da birkin hannu.

Tsohon direba: Ni dai ina nan kan bakata.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Oga makanike, gwajin nan na lamba huɗu, a wane gudu ake yin sa?

Makanike: Kamar kilomita 40 zuwa 50, in da ɗan hawa ya fi nunawa.