Yadda za ka ba tsofaffin 'yan ajinku labarinka

A zauren WhatsApp na 'yan ajinmu, mu da muka gama sakandare a Bauchi tun kafin a ƙirƙiri Jihar Gombe a 1996, an tattauna yadda wanda ya daɗe da ɓacewa zai ba da labarinsa.

Kowa ya yarda ka fara da sunan da aka san ka da shi a makaranta da gidan kwananku, ka haɗa da hoto, domin furfura da gemu sun canja kamannin mutane. Sai iyali, garin da kake zaune da sana'arka, a taƙaice.

Inda aka fi daɗewa shi ne batun arziki. Wata 'yar'uwa daga Azare ta ce a tuna akwai wanda ya yi ritaya yana jiran fansho, akwai wadda har yau ba ta samu haihuwa ba, don haka jera gidaje da motoci yana sosa zuciya. Ni ma ina bayanta ƙwarai.

Rashin lafiya ko mutuwar aure, a kira amini a waya. Ka tambayi waɗanda suka rasu, ka yi musu addu'a kafin raha. Neman wa ɗanka aiki kuwa, a bari sai zumunci ya dawo.