Wane moto zan saka wa TRX-4?

Ɗan Tudun Wada: Salamu alaikum jama'a. Moton motata ta rimot mai hawan dutse, TRX-4, ya cika jiya a wajen Shere, Titan 21T ɗin da ta zo da shi. Shekara biyu yana yi mini aiki, ni na ƙara mata manyan tayoyi da nauyin tagulla a ƙafafu. Yanzu in sake mai buroshi ne ko in koma marar buroshi? Da batir 3S, mai sel uku, nake tuƙi.

Mai Rediyo: Wa alaikumus salam. Kafin ka kashe ko kwabo, ka tabbata moton ne? Cire shi ka haɗa da batir kai tsaye. In ya juya, ESC, na'urar da ke sarrafa gudun moton, za ka tuhuma.

Ɗan Tudun Wada: Na gwada, Malam. Ƙauri kawai yake yi, buroshin ɗaya ya cinye har gindi.

Bakano: Marar buroshi, Fusion SE 1800KV. An gama magana.

Kawun Yara: Ba a gama ba, ɗana, bari in ba shi labarin abin da ya same ni kafin ya ji "marar buroshi" ya ruga. Bara na ga wani haɗin moto da ESC a intanet, araha kamar tsintuwa, an rubuta 3300KV, lambar da ke nuna saurin juyawarsa. Na yi oda, na jira sati biyar. Ranar da na ɗaura shi, a filin gida motar kamar ta tashi sama, jikokina har da tafi. Da muka je kan dutse ido ya raina fata. In na taɓa maƙullin a hankali sai ta yi ta kakkarwa, kaf-kaf-kaf, ba ta gaba ba ta baya. In na ƙara kaɗan sai ta zabura ta wuntsila. Ashe ba shi da sansa, ESC ɗin bai san inda cikin moton ya tsaya ba sai ya fara juyawa da sauri, mu kuwa duk wasanmu a tafiyar hawainiya yake. Birkin riƙo ma babu, ina sakin hannu a gangare ta sulale ƙasa. A fita ta uku ta faɗo daga wani dutse da ya kai ƙirjina, ƙaramin moton da ke juya sitiyari ya tafi, gangar jikin ta tsage. Abin da na kashe a gyara ya ninka kuɗin moton. Wanda ya sayar bai yi mini ƙarya ba, na motar tsere ne, ni ne ban tambaya ba. Na koma 35T mai buroshi da ESC ɗin QuicRun 1080, har yau lafiya lau. In za ka sayi marar buroshi, mai sansa, ko ka bar kuɗinka a aljihu.

Bakano: Kawu, ai Fusion ba irin wancan ba ne. Moto da ESC a gwangwani ɗaya suke, kuma yana riƙe gudun da ka ba shi ko taya ta ci karo da dutse. Ga shi a rufe yake ruf, ƙurar hunturu ba ta shiga.

Kawun Yara: Na sani. Shi ya sa na ce mai sansa. Amma nawa ne yanzu da canjin dala?

Bazazzage: Bakano da maganar hawan dutse? Ku da Dala da Goron Dutse kawai gare ku, su ma gidaje sun cinye. Ka zo Kufena ka ga dutse.

Bakano: Kufenan da ka ce mu zo ran nan, ka iso da batir ba caji?

Bazazzage: Kwana uku ba wuta a unguwarmu, kowa shaida ne.

Mai Rediyo: Ku bar wannan tukuna. Ɗan Tudun Wada, in mai buroshi za ka saya ka lura da abu uku. Na TRX-4 550 ne, ya fi 540 tsawo, amma kaurinsu ɗaya kuma ramukan noti ɗaya, don haka 540 zai zauna. Sandar 3.175mm ce, ƙaramar giyarka za ta shiga. Sannan Titan ɗin nan baibai yake juyawa. In ka ɗaura sabo ka ga mota tana baya, musanya wayoyin moto biyun. Lambar T kuma yawan naɗin waya ne, tana hawa gudu yana raguwa, zafi da shan batir ma haka.

Ɗan Tudun Wada: To in ɗauki 55T ke nan?

Mai Rediyo: A'a, za ka gaji da jiranta tsakanin dutse da dutse. Tana da giya biyu, 35T ya ishe ka a kan 3S.

Injiniya: Ku riƙa faɗin tsaga nawa ne a amecar, wato cikin moton da ke juyawa. 16T mai tsaga 5 ba ɗaya yake da 16T mai tsaga 3 ba, mai 5 ya fi laushin tashi. Crawlmaster na Holmes Hobbies mai 5 ne. Mutum ya kwatanta lamba kawai sai ya sayi abin da bai nufa ba.

Bakano: Kuɗin kawo shi daga Amurka fa, Injiniya?

Injiniya: Wannan kuma tsakaninsa da aljihunsa.

Maman Biyu: Ku yi haƙuri in shigo. Motar ɗana WPL C24 ce, wannan 35T ɗin zai shiga?

Mai Rediyo: Ba zai shiga ba, Hajiya, ta yi ƙanƙanta. 180 take ɗauka, ko 370 in an canza mata akwatin giya.

Kawun Yara: Ko me ka saka, ɗana, ka rage haƙori ɗaya ko biyu a ƙaramar giya tunda ka ƙara nauyi. Nauyin nan ne ya dafa na farkon. Bayan minti goma ka ɗora yatsa a jikinsa, in ba ka iya ƙirga biyar ba ka tsaya ya huce. Ka kuma riƙa hure ƙura kana ɗiga mai a bushin da sandar ke juyawa a ciki.

Bazazzage: Wa ke da cajar da ke sauke batir zuwa 3.8V kowane sel? Nawa biyu sun fara kumbura.

Injiniya: Wanda ya kumbura kar ka sake caja shi, kuma ka fitar da shi daga ɗakin kwana yau ɗin nan.

Ɗan Tudun Wada: Malam Mai Rediyo, in na ɗauki 35T ɗin, ESC ɗin da ta zo da shi zai ja, ko sai na haɗa da 1080?

Bakano: In ka haɗa kuɗin biyun ka kusa Fusion fa.

Bazazzage: Asabar dai Kufena, bayan la'asar. Wa zai zo?